Garin Selma na Jihar Alabama: Tambayoyi da Amsoshi kan Jama'arsa da Tattalin Arzikinsa

Wanda ya karanta tarihin gwagwarmayar baƙaƙen fata a Amurka ya san sunan Selma, sai dai galibi sanin nasa bai wuce gada guda da rana guda ta shekarar 1965 ba, wato ranar da 'yan sanda suka daki masu neman 'yancin zaɓe a gadar garin. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi garin ne kansa, wato mutanen da ke kwana suna tashi a cikinsa, da abin da suke ci da shi, da dalilin da ya sa yawansu yake raguwa.

A ina Selma take, kuma yaya girmanta yake?

Selma tana tsakiyar jihar Alabama ne a kudancin Amurka, a kan wani tudu da ke gaɓar Kogin Alabama, kimanin kilomita 80 yamma da Montgomery, babban birnin jihar. Ita ce hedkwatar gundumar Dallas, gundumar da ba ta da alaƙa da birnin Dallas na jihar Texas in ban da suna. An kafa ta a hukumance a 1820, kuma cikin waɗanda suka tsara ta har da William Rufus King, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 17,971 ne ke zaune a cikinta.

Shin da gaske ne jama'ar garin suna raguwa?

Gaskiya ne, kuma an daɗe ana cikin wannan hali. A 1960 ne garin ya kai ƙololuwarsa da mutum 28,385. A 1980 an ƙidaya 26,684, a 1990 suka sauko 23,755, sannan a 2000 suka koma 20,512. An ɗan samu tsayawa a ƙidayar 2010, inda aka samu 20,756, har wasu suka ɗauka jinin ya tsaya, amma cikin shekara goma da suka biyo baya garin ya sake rasa fiye da kashi 13 cikin ɗari na mutanensa. Idan aka haɗa lissafin, cikin shekara sittin Selma ta rasa sama da mutum ɗaya cikin kowane uku.

Gundumar ma haka abin yake, domin daga mutum 56,667 a 1960 ta sauko zuwa 38,462 a 2020. Wannan ya nuna cewa mutanen ba ƙauyukan da ke kewaye suka koma ba kawai, yankin suke bari gaba ɗaya. Waɗanda suka fi tafiya kuwa matasa ne da suka gama sakandare ko kwaleji, kuma Montgomery da Birmingham da Atlanta ne suka fi kwashe su.

Su wane ne mazauna garin?

Fiye da kashi 80 cikin ɗari na mazauna Selma a yau baƙaƙen fata ne, sauran kuma yawancinsu fararen fata ne. A shekarun 1960 garin kusan rabi da rabi yake tsakanin jinsunan biyu, saboda haka rinjayen da ake gani yanzu bai samo asali daga ƙaruwar baƙaƙe ba, ficewar farare ce ta fi sauri. Baƙi daga Latin Amurka da Asiya, waɗanda suka sauya fuskar garuruwa da yawa na kudu, ba su da yawa a nan, kuma dalilin a bayyane yake: baƙo aikin yi yake bi. Garin ya taɓa samun 'yan kasuwa Yahudawa masu ƙarfi da suka riƙe manyan shaguna, har suka gina wurin ibadarsu na Mishkan Israel a 1899, amma yanzu 'yan tsiraru ne suka rage daga cikinsu.

Asalin yawan baƙaƙe a yankin daga bauta ne. A 1860 kimanin kashi uku cikin huɗu na mutanen gundumar Dallas bayi ne, kuma wasu daga cikinsu ba su daɗe da barin Afirka ta Yamma ba. A wannan shekarar ce jirgin ruwa mai suna Clotilda ya ɗauko mutum 110 daga tashar Wida ta ƙasar Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, ya sauke su a ɓoye kusa da Mobile, fiye da shekara hamsin bayan Amurka ta haramta shigo da bayi. An sayar da wasunsu zuwa gonakin gundumar Dallas. Ɗaya daga cikin mutanen jirgin ita ce Matilda McCrear, wadda aka kawo tana ƙaramar yarinya tare da mahaifiyarta. A 1931, tana tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai, ta tako da ƙafarta kusan kilomita 24 zuwa kotun gundumar da ke Selma domin ta nemi diyyar sace ta da aka yi, aka sallame ta hannu rabbana. Ta rasu a Selma a 1940, kuma ita ce ta ƙarshe da aka sani cikin mutanen wannan jirgi.

Me ya sa ake kiran yankin da suna Black Belt?

Sunan yana nufin baƙin ziri, kuma da farko ƙasar noma ake nufi. Akwai wani ziri na baƙar ƙasa mai taki da ya ratsa tsakiyar Alabama ya shiga Mississippi, kwance a kan farin dutsen alli. Da yake wannan ƙasa ce ta fi dacewa da auduga, nan aka fi tara bayi, har sunan ya zo ya ɗauki ma'ana ta biyu, wato gundumomin da baƙaƙen fata suka fi yawa. Ma'anonin biyu duk suna aiki har yau.

Yaya auduga ta gina garin, kuma yaya aka yi ta mutu?

Kafin yaƙin basasar Amurka gundumar Dallas tana sahun gaba wajen noman auduga a Alabama, Selma kuma ita ce kasuwarta da tasharta. A nan ake tara auduga a rumbunan da ke bakin kogi, a loda ta a jiragen ruwa masu tururi zuwa Mobile, daga can kuma ta wuce masaƙun Ingila da na arewacin Amurka. Tsofaffin gine-ginen bulo da ke titin Water Avenue shaidar wannan zamani ne. A lokacin yaƙin garin ya zama babbar cibiyar ƙera makamai ta 'yan awaren kudu, wanda ya sa sojojin tarayya ƙarƙashin Janar James H. Wilson suka ci shi ranar 2 ga Afrilu, 1865, suka ƙona maƙerun.

Da aka 'yanta bayi gonaki ba su sauya hannu ba. Sai aka koma tsarin kashi-mu-raba, inda mai gona yake bai wa manomi fili da iri da abinci bashi, idan kaka ta yi a raba amfani, a kuma cire bashin daga kason manomi. Tun da mai gonar ne ke riƙe da littafin lissafi, sau da yawa manomi yakan gama shekara da sabon bashi a kansa. Duk da zaluncin da ke cikinsa, wannan tsari yana buƙatar hannuwa da yawa, kuma shi ya riƙe jama'a a karkara.

Abubuwa uku ne suka rushe shi, ɗaya bayan ɗaya. Ƙwaron da ke huda ƙwallon auduga ya shigo Alabama a 1910 ya yi ɓarna mai yawa. A 1933 gwamnatin tarayya ta fara biyan masu gonaki kuɗi don su rage noman auduga saboda farashi ya tashi, su kuwa suka karɓi kuɗin suka sallami manoman da ke zaune a gonakinsu. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma tarakta da injin tsinkar auduga suka kammala aikin. Masu gonaki da yawa suka koma kiwon shanu, daga baya suka koma dashen itatuwan katako, ayyukan da mutum ƙalilan ke iya yi a faɗin fili mai girma. Dubban iyalai suka bi jirgin ƙasa zuwa Chicago da Detroit da sauran biranen arewa, wasu kuma suka gangaro cikin Selma suna neman aikin lebura.

Tun da a nan aka ci nasarar 'yancin zaɓe, me ya hana garin bunƙasa bayan 1965?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma amsarta tana cikin jeren shekarun. A farkon 1965 baƙaƙen fata kusan 15,000 ne suka isa zaɓe a gundumar Dallas, amma waɗanda ke cikin rajista ba su fi 300 da 'yan kai ba. Ranar 7 ga Maris ta wannan shekara 'yan sandan jiha da mutanen Jim Clark, shugaban 'yan sandan gunduma, suka far wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe kusan 600 da suka nufi Montgomery da kulake da barkonon tsohuwa a gindin gadar Edmund Pettus, cikin waɗanda aka jikkata har da jagororin gwagwarmayar John Lewis da Amelia Boynton. Hotunan suka girgiza ƙasar, kuma ranar 6 ga Agusta Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe. Cikin 'yan watanni dubban baƙaƙe suka yi rajista, a 1966 kuma Jim Clark ya sha kaye.

Amma ƙuri'a ba ta zo da gona ba, ba ta zo da banki ko masana'anta ba, duk waɗannan sun ci gaba da zama a hannun da suke tun da. Ko mulkin garin ma bai sauya da wuri ba, domin Joe Smitherman, farar fatar da ke kan kujerar magajin gari lokacin da aka daki mutane a gada, ya riƙe ta kusan shekara 35, sai a 2000 ne James Perkins Jr. ya kayar da shi ya zama baƙar fata na farko da ya hau kujerar. A lokacin kuwa garin ya riga ya rasa kusan mutum 8,000 daga yawan da yake da shi a 1960, auduga ta tafi, sansanin soja ya rufe, manyan masu biyan haraji sun fice. An miƙa wa sababbin shugabanni makullin gida ne bayan an kwashe kayan ciki. A ganin mai wannan rubutu, duk wanda ya ɗora laifin halin da Selma take ciki a kan shugabannin bayan 2000 kaɗai bai duba kalanda ba, ko da yake su ma ba a wanke su tas ba, domin rigingimu tsakanin magajin gari da 'yan majalisar gari sun sha tsayar da ayyuka a shekarun baya.

Mene ne labarin sansanin sojan da aka rufe?

A 1940 aka buɗe sansanin horar da matuƙan jiragen yaƙi na Craig a kudu maso gabashin garin, kuma tsawon shekara 37 shi ne babbar hanyar da albashin gwamnatin tarayya ke shigowa Selma. Sojoji da iyalansu suna kama hayar gidaje, suna sayayya a shaguna, fararen hula kuma suna samun aiki a ciki. Da aka rufe shi a 1977 abin ya taɓa kowa, tun daga dillalin motoci har mai wanki da guga. An mayar da wurin filin jirgin sama na farar hula da rukunin masana'antu, kuma akwai kamfanoni a ciki, amma ba su taɓa cike gurbin da sojoji suka bari ba.

Ina fararen fatar suka koma?

Wasu sun bar yankin, wasu kuma sun tsallake iyakar garin ne kawai, suka zauna a wurare irin su Valley Grande da ke arewa da Selma, inda harajinsu ba ya shiga asusun garin. Makaranta ce ta fi komai tunzura wannan ƙaura. A 1965 aka buɗe makarantar kuɗi ta John T. Morgan domin 'ya'yan farare da iyayensu ba sa son a haɗa su aji guda da baƙaƙe. Duk da haka makarantun gwamnati sun ci gaba da zama a gauraye har zuwa 1990, lokacin da rikici ya ɓarke a kan Norward Roussell, baƙar fata na farko da ya shugabanci makarantun garin. Shi ya nemi gyara tsarin raba ɗalibai zuwa rukuni-rukuni, wanda ke tara 'ya'yan baƙaƙe a ajujuwan baya, hukumar makarantu kuma ta ƙi sabunta kwantiraginsa. Ɗalibai suka mamaye sakandaren garin, aka rufe makarantu na wasu kwanaki, gwamna ya turo dakarun jiha. Bayan ƙura ta lafa ɗaruruwan iyaye farare suka cire 'ya'yansu, kuma a yau kusan dukkan ɗaliban makarantun gwamnatin Selma baƙaƙe ne.

To da me mutane suke rayuwa a yanzu?

Akwai masana'antu, kuma wasunsu manya ne. Kamfanin International Paper yana da babbar masana'anta mai suna Riverdale a wajen gari, wadda ke sarrafa itatuwan yankin, kuma a 'yan shekarun nan ta karkata daga takardar rubutu zuwa takardar kwali saboda bunƙasar sayayya ta intanet. Kamfanin Bush Hog, mai ƙera injin sassabe da ake ɗaura wa tarakta, a Selma aka kafa shi a 1951, har manoman Amurka suka mayar da sunansa sunan aikin sassaben kansa. Akwai masana'antar ɗinka kakin sojoji, akwai kuma masu ƙera wa Hyundai kayan cikin mota tun bayan da ya buɗe masana'antarsa a Montgomery a 2005. Bayan waɗannan sai asibitin Vaughan, da makarantu, da kwalejin Wallace, da ofisoshin gwamnati. A karkarar gundumar kuma ana kiwon shanu, ana kiwon tarwaɗa a manyan tafkuna, ana saran katako.

Matsalar ita ce masana'antar zamani tana cin jari mai yawa amma hannuwa kaɗan take ɗauka, kuma ba dole ba ne mai babban albashi a cikinta ya kwana a Selma. Da yawa daga cikin irin waɗannan ma'aikata da safe suke shigowa, da yamma su koma wasu garuruwa da kuɗinsu. A ɗaya ɓangaren kuma mazauna garin da yawa suna bin babbar hanya mai lamba 80 zuwa Montgomery kullum, hanyar nan da masu tattaki suka taka cikin kwana biyar a watan Maris na 1965. Rufe kwalejin Concordia a 2018, bayan kusan shekara ɗari tana aiki, ya ƙara rage ayyukan yi da masu kama haya.

Yaya talauci yake a garin?

Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ƙasa da layin talauci na Amurka, abin ya fi muni kuma a tsakanin yara. Kuɗin da matsakaicin gida ke samu a shekara bai kai rabin na ƙasa baki ɗaya ba. Alabama ba ta da nata mafi ƙarancin albashi, na tarayya take bi, wato dala 7.25 a awa, adadin da bai motsa ba tun 2009. Jihar tana kuma cikin 'yan jihohin da suka ƙi faɗaɗa inshorar lafiya ta marasa ƙarfi mai suna Medicaid, saboda haka akwai ma'aikata da yawa da albashinsu ya yi yawa a ba su tallafi, ya kuma yi kaɗan su sayi inshora. Talaucin Amurka ba ya kama da wanda aka saba gani a wasu ƙasashe, domin mutum yana iya mallakar mota da firji, amma ya kasa biyan kuɗin ganin likita, ko motar ta lalace ya rasa aikinsa saboda babu motar haya da za ta kai shi.

Me ya sa hukumar garin ba ta da kuɗin gyara?

Tushen abin yana cikin kundin tsarin mulkin jihar na 1901, wanda manyan masu gonaki da masu masana'antu suka tsara, suka ɗaure harajin ƙasa da gidaje a ƙasa ƙwarai. Har yau Alabama tana cikin jihohin da wannan haraji ya fi ƙanƙanta, kuma dazuzzukan katako, waɗanda da yawa daga cikin masu su ba sa zaune a yankin, ana kimanta su ne bisa amfanin da ake yi da su, ba bisa farashinsu a kasuwa ba. Sai ya zama garuruwa sun dogara ga harajin sayayya, wanda talaka ya fi jin nauyinsa tun da kusan duk abin da ya samu kashewa yake yi. Ko abinci ma ana karɓar haraji a kansa, ko da yake jihar ta rage nata kason daga kashi 4 zuwa kashi 3 a 2023, sannan zuwa kashi 2 a 2025. Duk shagon da ya rufe a Selma, ko duk magidancin da ya tafi Montgomery sayayya, gibi ne a asusun gari, alhali tsawon tituna da bututun ruwan da aka shimfiɗa domin mutum dubu 28 bai ragu ba.

Me ake nufi da matsalar gadon da ba a raba ba?

Bayan bauta wasu iyalan baƙaƙe sun yi ƙoƙari sun sayi gonaki da filaye, amma da yawa sun rasu ba su bar wasiyya a rubuce ba, ko don rashin lauya ko don rashin amincewa da kotunan farare. A doka irin wannan fili yakan zama mallakar dukkan magada a dunƙule, kuma bayan zuriya uku ko huɗu sai a tarar da masu haƙƙi hamsin a warwatse a jihohi daban-daban. Banki ba ya karɓar irin wannan fili jingina, kuma a da idan wani ɗan kasuwa ya sayi kason magaji guda yana iya sa kotu ta yi gwanjon filin duka. Ta wannan hanya aka yi asarar filaye masu yawa a kudancin Amurka. A cikin gari kuma abin da yake haifarwa shi ne gidajen da ke ruɓewa a tsaye, babu mai ikon sayarwa, babu mai son kashe kuɗinsa a kan abin da ba nasa shi kaɗai ba.

Yawon buɗe ido ba ya kawo kuɗi?

Yana kawowa, amma ba kamar yadda sunan garin zai sa a zata ba. Kowane watan Maris ana bikin tsallake gada, dubban mutane suna zuwa, har da shugabannin ƙasa, kamar yadda Barack Obama ya zo a 2015 da aka cika shekara hamsin. Akwai cocin Brown Chapel inda aka tashi tattakin, da gidan tarihin 'yancin zaɓe, da tsohon otal ɗin St. James da aka gyara aka sake buɗewa a 2021. Sai dai yawancin maziyarta a bas suke zuwa, su taka gadar, su ɗauki hoto, su koma Montgomery su ci abinci su kwana. Mazauna garin sun daɗe suna kokawa da cewa 'yan siyasa rana guda suke tuna su a shekara. Gadar kanta har yanzu sunan Edmund Pettus take amsawa, mutumin da ya yi janar a rundunar 'yan aware, ya yi sanata, ya kuma shugabanci ƙungiyar farare masu ƙin jinin baƙaƙe ta Ku Klux Klan a jihar. An sha kiran a sauya sunan, musamman bayan rasuwar John Lewis a 2020, amma ra'ayin mutanen Selma ya rabu, wasu cikin waɗanda aka daka a kanta ma suna ganin a bar sunan domin tarihin ya fito yadda yake.

Wace ɓarna guguwar 2023 ta yi?

Ranar 12 ga Janairu, 2023, wata mahaukaciyar guguwa ta ratsa tsakiyar Selma, ta kware rufin ɗaruruwan gidaje da shaguna da coci-coci, ta tuge manyan itatuwan da suka daɗe suna yi wa tsofaffin unguwanni inuwa. Ba a rasa rai a cikin garin ba, ko da yake guguwar wannan rana ta kashe mutane a gundumar Autauga da ke maƙwabtaka. Gwamnatin tarayya ta ayyana dokar bala'i, Shugaba Joe Biden kuma ya zo garin a watan Maris na shekarar. Abin da ya wahalar da farfaɗowa shi ne gidaje da yawa ba su da inshora, wasu na haya ne, wasu kuma na gadon da ba a raba ba ne, waɗanda tabbatar da mai su a gaban hukuma yake cin lokaci. A garin da kuɗin gina sabon gida yakan zarce abin da za a saye shi idan an gama, mai gidan da ya rushe yana da dalili mai ƙarfi na karɓar abin da ya samu ya koma wajen 'ya'yansa a wani birni. Ƙidayar 2030 ce za ta nuna yawan waɗanda suka yi hakan.